Kowane Mai Gida Ya Fito

Daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ruwa ya ci gidan hayar da muke zaune a Gyadi-Gyadi. Kwalbatin bayan layinmu ce ta toshe, ruwan ya dawo mana ta ƙofar gida, kafin la'asar bangon ƙasa ya jiƙe ya zube. Na fita da 'yata a goye, ko yaye ta ban yi ba. Mijina direban tirela ne, yana can hanyar Legas.

Aka zuba mu a ajin wata firamare a Tarauni, a kan siminti mai sanyi. Zani nake shimfiɗa mata, in lulluɓe ta da mayafina. Tari ya kama ta, numfashi ya koma sai da ƙyar. Ba abin da nake nema a duniya lokacin sai abin da zai raba bayanta da simintin nan.

Sai ga motar agaji da katifu da barguna da tabarmi. Kansilan da muka sha rana a layi muka zaɓa ya hau benci cikin sabuwar babbar riga, ya ce, "Gida-gida za a raba. Kowane mai gida ya fito."

Na fito, tunda mijina ba ya nan. Ma'aikacin da ke rabon ya ce, "Ba mijinki ake nufi ba, baiwar Allah. Mai ginin ake nema."

Ashe Alhajin da muke haya a gidansa ya riga ya iso daga benensa na Daurawa, mutumin da ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba. Muna kallo aka loda masa kason gidanmu kaf a bayan akori-kura. Maƙwabciyata 'yar kudu, mai sayar da garin kwaki, ta tare shi ta ce, "Alhaji, ai mu ne ruwa ya ci."

Ya ce, "Ku kayanku ne suka jiƙe. Ni gidana ne ya faɗi."

Na bi shi har bakin mota. "Alhaji, bargo ɗaya, don yarinyar nan." Ya ce in bari ƙura ta lafa tukuna.

Ban yafe wa kansilan ba, ban yafe wa mai rabon ba. Har yau in rediyo ta fara labarin rabon kayan agaji kashewa nake yi, don raina ɓaci yake.

Yarinyar ta rasu kafin babanta ya dawo. A gidan yayata a Unguwa Uku aka yi zaman makoki. Alhaji ya zo ta'aziyya, ya ja doguwar addu'a, direbansa ya sauke sababbin tabarmi don masu gaisuwa su samu wurin zama. Na gane su, ga tambarin agajin nan a gefe. A kan ɗaya daga ciki na zauna ina karɓar gaisuwar 'yata.

Bayan sadakar uku ya aiko a karɓo masa tabarminsa.