Kunnen Mai Guduma

A garejin ƙungiyar direbobin bas babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Guduma ake ce masa, saboda 'yar gudumar da take rataye a ƙugunsa, wadda ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi don daɗewa a hannu. Shekara ashirin da biyu yana aiki guda: kafin kowace bas ta fita da safe, sai ya zagaye ta yana ƙwanƙwasa notunan da suke riƙe da tayoyi, ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Notin da ya ɗauru yana amsawa da murya siririya, ƙin, kamar an taɓa bakin kofin shayi da cokali. Wanda ya kwance kuwa sai ya ce ƙwas, muryar da ba ta da rai. In duk sun amsa daidai, ya rataya koren kati a gilashin gaba. In ɗaya ya yi ƙarya, jan kati ne, kuma ko shugaban ƙungiya bai isa ya tayar da motar ba.

Ƙungiya ba a banza ta samu wannan iko ba. Shekarun baya taya ta taɓa fita daga wata bas a gangaren asibiti, mutum biyar ba su koma gida ba. Direbobi suka ajiye makullai mako guda, mutanen unguwa suka zo suka zauna tare da su a bakin gareji, har masu motocin suka yarda a ajiye mai dubawa. Tun daga nan ake taro da fasinjoji kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, kowa ya faɗi abin da ya gani.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun bara wani gyare ya tare a kunnensa na hagu. Kuka yake ba dare ba rana. Da damina ta wuce sai ya ƙaura zuwa na dama, ya bar ɗan'uwansa a na hagun. Matarsa ce kaɗai ta lura.

"Malam, rediyon nan fa har maƙwabta sun san labaran duniya ba su sayi batir ba," ta ce masa wata safiya.

"Me kika ce?"

Ta ajiye tsintsiya ta dube shi, dariyar ta gudu daga fuskarta. Ta matso kusa da kunnensa. "Ka faɗa musu. Rayukan mutane ne a hannunka."

"Hannuna yana ji," in ji shi. Gaskiya ne, ya koyi ɗora yatsa a kan notin yana bugawa, ya ji rawar ƙarfen a fatarsa. Amma shi kansa ya san yatsa ba kunne ba ne. Kuma ya san ranar da ya faɗa, ranar zai ajiye guduma, shi da bai iya komai ba sai saurare.

Asabar ɗin taro ce ta kama. Gareji ya cika da hayaƙi da ƙarar injina. Bas mai lamba bakwai ce ta ƙarshe, direbanta Dogo, ɗan ƙanwarsa, wanda a hannunsa ya girma. Fasinjoji sun riga sun cika, suna leƙowa ta taga.

"Kawu, a taimaka! Notunan nan fa ba surukanka ba ne da za ka gaishe su ɗaya-ɗaya."

"Kai dai riƙe sitiyarinka, mai ƙafa kamar sandar rake."

Ya tsuguna a tayar baya ta hagu. Ya buga na farko. Shiru. Ya buga na biyu, na uku. Yana ganin guduma tana sauka, yana ganin tsatsa tana zuba, amma babu ƙin babu ƙwas, sai gyare. Ya ɗora yatsa, sai dai injin yana kunne, motar duka tana karkarwa, yatsan bai gane komai ba. Ya kamata ya ce a kashe injin. To amma bai taɓa cewa haka ba a shekara ashirin da biyu, kuma ga idanu talatin a kansa. Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara wadda ita ma bai ji ba, ya rataya koren kati.

Bas ta fita. Ya tsaya yana kallon tayar nan tana juyawa har ta sha kwana.

Ya zauna a bencinsa, ya kasa zama. Aka miƙo masa shayi, ya huce a hannunsa. Hanyar lamba bakwai ya san ta kamar tsakar gidansa: kasuwa, makarantar 'yan mata, gada, sannan ta dawo ta gangaren asibiti. Minti hamsin kafin ta kai gangaren. Ya ciro waya ya kira Dogo. Ta yi ta ƙara har ta katse. Sai ya tuna: dokar hana direba ɗaga waya yana tuƙi, shi da bakinsa ya kawo ta a taro, shi ya yi ta buga tebur har aka amince.

Ya zari jan kati ya sa a aljihu, ya fita. Akwai lungu ta bayan masu walda da yake yanke hanya zuwa saman gangaren. Ya bi shi da gudu-gudu sauri-sauri, gudun dattijo, guduma tana dukan cinyarsa. Mutane suna gaishe shi, yana ganin bakunansu kawai. A idonsa kuwa wancan tsohon hoton ne yake dawowa, taya ita kaɗai tana gangarawa a tsakiyar titi, a natse, kamar an aike ta.

Ya isa ƙirjinsa yana zafi. Bai daɗe ba sai ga bas ɗin ta ɓullo. Ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga jan katin sama da hannu biyu. Dogo ya taka birki, ya leƙo a fusace.

"Kawu! So kake in take ka, uwata ta tsine mini?"

"Kashe injin. A sauka duka."

Aka sauko ana gunaguni. Cikin masu saukowa akwai wata tela, mace mai jiki da tabarau, wadda kullum take zama a kujerar da ke kan tayar baya don ta samu wurin ajiye ƙunshin ɗinkinta. Ba ta fashin taron ƙungiya, kuma ba ta zuwa ta yi shiru. Tana sauka ta nufo shi tana nuna kwandasta.

"Yawwa, gara da ka zo, Baba! Tun daga gada nake jin wani abu yana ƙwas-ƙwas a ƙarƙashina. Na faɗa wa wannan, wai gwiwoyina ne."

Muryarta mai ƙarfi ce, ya ji rabinta, ya karanta sauran a fuskarta. Ya tsuguna gaban tayar. Injin a kashe, titi ya yi tsit, kowa ya zuba ido. Ya ɗaga guduma, sai hannun ya tsaya a sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya juya ƙotar ya miƙa mata.

"'Yata, buga. Ki faɗa mini abin da suka ce. Ni ba na ji."

Dogo ya saki baki yana kallon kawunsa.

Ta gyara mayafi ta durƙusa. Ta buga na farko. "Wannan ya yi zaƙi." Na biyu ma haka. Da ta buga na uku ta ɗago kai. "Wannan kam kamar tukunyar da ta tsage." Na huɗu ma. Mai Guduma ya sa yatsu biyu ya murɗa na ukun, notin ya juyo ba gardama, ya faɗo a tafin hannunsa da ɗumi. Wata mata ta rungume jaririnta ta hau salati. Dogo ya dubi gangaren, ya zauna a bakin kwalta ya dafe kai.

Da la'asar ɗakin taro ya cika fiye da kullum, har da masu tsayuwa a taga. Bai jira a kira shi ba. Ya je gaban teburin shugaba, ya kwance guduma, ya ajiye, ya ɗora notin a gefenta.

"Wata goma ke nan kunnena ya tafi," ya ce. "Na ɓoye. Yau na rataya kore a kan abin da ban ji ba. Jan katin yau nawa ne."

Ɗaki ya hargitse. Yana ganin hannaye suna tashi, wani direba yana nuna shi da yatsa jijiyar wuya a miƙe, wata tsohuwa tana girgiza kai, Dogo yana magana idonsa jajur. Duk a wurinsa kamar ruwa ne yake sauka a rufin wani gida mai nisa. Ana yanke masa hukunci, shi kuwa bai san ko wane iri ba ne. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙugunsa, inda igiyar guduma ta bar shaida a rigarsa.

Can shugaba ya yi doguwar magana, aka ɗaga hannuwa aka ƙirga. Telar nan ta taso ta zo daidai kunnensa na dama.

"Sun ce ka yi laifi, kuma an rubuta!" ta faɗa da ƙarfi. "Litinin Dogo zai kai ka asibiti. Daga gobe mutum biyu na unguwa za su riƙa zuwa kowace safiya, a kashe injin, kai ka buga mu mu saurara, har ka koya wa wanda zai gaje ka. Kati ba ya hawa sai mun yarda. Ni ce ta farko. Ƙarfe shida."

Ta ɗauki gudumar ta danƙa masa. Ya riƙe ta, sai ya ji ta fi jiya nauyi.

"Shida fa," ya ce. "Ba shida da kwata ba. In kika makara, ba motar da za ta fita."

"Ni za ka koya wa sammako, Baba?"

Bai ji amsar ba. Yana ta lissafin motocin gobe a zuci, goma sha huɗu, kowacce da notunanta, yana tunanin ko kunnen da ya saba da keken ɗinki zai rabe ƙin da ƙwas a tayar gaba, inda muryar ta fi siranta.