Gwiwar Wa?

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Litinin abin ya fara lalace mini. Na san lokacin daidai domin agogon ajinmu nake kallo sa'ad da Madam Akwele, malamarmu ta aji biyar, ta ajiye littafina a gabana ta ce, "Fusaina, rubutunki ya fi na kowa kyau. Amma na duba daga farko har ƙarshe, ban same ki a ciki ba."

Makonni uku kafin nan ta raba mana ƙananan littattafan rubutu. Ta ce duk abin da muka karanta a aji, mu rubuta abin da ya zo mana a rai game da shi: abin da muka gane, abin da ya shige mana duhu, har abin da ya ba mu haushi. Ran Juma'a ta karɓa, ran Litinin ta dawo da su. Ni kuwa ba na magana a aji. In aka ce in tashi in yi karatu, sai muryata ta maƙale, ko da na san kowace kalma. Saboda haka na yi murna da littafin nan, na yi masa aikin da na fi iyawa. A makarantar allo da muke zuwa da yamma an koya mana cewa rubutu amana ne, ba a ƙara wasali, ba a rage ɗigo. Sai na riƙa kwafe darasin kaf, har da waƙafi, na ja layi da rula a gefe.

Madam ta ce ba ta da hanyar sanin ko ina fahimtar abin da nake karantawa, tunda baki shiru, takarda kuma maganar wani ce. In zangon ya ƙare a haka, zan maimaita aji biyar.

Kafin in cire takalmi a gidanmu na Nima, Memuna, 'yar kawuna da muke aji ɗaya, ta riga ta kai labari ɗaki-ɗaki.

Kakarmu mai koko da ƙosai ce. Bayan magariba takan zauna a tsakar gida gaban kurfoti, murhunta na gawayi, tana tsince waken gobe a faranti, mu kuma mu kewaye ta. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, don haka yaran da ke zama ba namu kaɗai ba ne, akwai na Dagomba, akwai na Zabarmawa, kowa da irin Hausarsa. Daga bakin titi ana jin karen motar trotro, bas ɗin haya, yana kiran fasinja, hayaƙin gawayi yana haɗuwa da ƙamshin kanwa da citta. Wurin zamana kullum ɗaya ne, jikin ƙafarta ta hagu, inda ba wanda zai kalle ni.

Ran nan muka kewaye ta kamar kullum. Ta dubi idanuna da suka kumbura, ta fifita wuta, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo, tabarma a shimfiɗe take."

Labarin wani madugu ne da ya ɗauko goro zai kai arewa, ya iso bakin wani kogi da jakunansa. Yana da aku wadda ba ta taɓa yin ƙarya ba, abin da ta ji shi take faɗa. Ya aike ta ta tambayo zurfin ruwan. Aku ta tarar da raƙumin dawa yana fitowa daga kogin, ta tambaye shi, ya ce, "Iya gwiwa ne." Ta dawo ta ce, "Iya gwiwa ne." Madugu ya kora jakin farko, ruwa ya shanye shi har kunne, huhun goro biyu suka bi kogi. Da ƙyar aka jawo jakin. Sai wata tsohuwar hawainiya da ke kan reshe ta ce, "Da kin tambaye shi, gwiwar wa?"

"Ei, Kaka, akun nan dai ba ta da kai!" in ji Memuna.

"Ke da kike da kai, jiya wa ya zuba mini gishiri a koko?"

Aka fashe da dariya. Kaka ta ci gaba. Ta ce madugu ya ɗauki aku ya ɗora a kafaɗa, ya ce, "Kunnenki ba shi da na biyu. Saura ki riƙa haɗawa da tambaya." A kogi na gaba kwaɗo ya ce mata ruwan ya fi ƙarfin kowa, ta ce, "Ƙarfin wa?" Ashe ko ƙaurin jaki bai kai ba. Ayari ya haye lafiya. "Nan tatsuniya ta sauke kayanta," in ji Kaka.

Ni kuwa na kasa sukuni. Na san labarin nan. Ta ba mu shi kafin azumi, kuma a wancan karon madugu korar akun ya yi, ta koma daji tana maimaita "iya gwiwa" har yau. Babu wani kwaɗo. Wanda ya saba da kada a sauya ɗigo, yaya zai yi da an sauya ƙarshen labari sukutum? Da yara suka watse na yi ƙarfin hali na raɗa mata, "Kaka, wancan karon korar ta aka yi. Me ya sa yau ba a kore ta ba?"

"Je ki tambayi akun," ta ce, ta miƙo mini faranti in kai ɗaki.

Ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai littafin nan. Da safe, Kaka tana sallamar masu sayen koko, na zauna a kan benci na rubuta labarin da guntun Turancina, ƙarshe biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na rubuta cewa na fi son na biyu amma ina tsoron na farko ne na gaskiya. Ban ja layi ba. Har kankara na yi sau huɗu, abin da ban taɓa bari a gani a littafina ba.

Ran Litinin da aka dawo mana da littattafan, na buɗe nawa. Madam ta rubuta: "Ni ma ban san na gaskiyar ba. Amma sannu da zuwa. To, labarin manomin da muka karanta fa, wace tambaya kike da ita?"

Ashe ina da ita tun tuni, ban dai san an yarda a tambayi littafi ba. Labarin ya ce manomin ya fita tun gari bai waye ba, ya hango jan ƙyalle a kan itace daga nesa. Na rubuta: a cikin duhu, yaya ya san ja ne? Madam ta karanta wa aji tambayar ba tare da ta faɗi mai ita ba. Aka yi ta musu har aka kaɗa ƙararrawa, wasu na cewa akwai farin wata, wasu na cewa marubucin ne ya manta. Ina zaune a baya, kaina a sunkuye, zuciyata kamar ranar sallah.

Daga nan littafin ya cika da tambayoyi, na kimiyya, na tarihi, har na lissafi. Ita kuma tana amsawa a ƙasa, wani lokaci da wata tambayar. A makon ƙarshe na zango ta ce in karanta wa aji shafi ɗaya daga cikinsa. Na tashi. Maganata ce, ba ta wani ba, sai ta ƙi maƙalewa. Na kai har ƙarshen shafin. Memuna ta buga tebur tana ihu, "Chale, 'yan'uwa, ashe tana da murya!" Tare muka shiga aji shida.

Yanzu ni ke koyarwa a wata makaranta a Mamobi, kuma kowace shekara nakan raba irin littattafan nan. Ba na rasa yaro ɗaya ko biyu masu kwafe darasi tsaf, da layi a gefe. Ba na ganin laifinsu. Riƙe magana yadda take baiwa ce, kuma akwai karatun da haka ya kamace shi. Sai dai na gane cewa mai irin wannan kunnen ya riga ya yi rabin tafiya, abin da yake jira kawai wani ya ce masa an yarda ya yi tambaya.

Tawa tambayar kuwa na yi ta maimaita wa Kaka shekara da shekaru, tana tura ni wurin aku. Sai makon da na gama kwalejin horon malamai, lokacin ta daina suya, ni ke tsince mata wake, na sake yi mata. Ta daɗe tana dariya, har da tari, sannan ta ce:

"Ke ma dai, Malama. Ran nan ga akun zaune a jikin ƙafata, ido ya kumbura. In kore ta, ta tafi ina?"