Aikin Fasa Motoci

Da na gama digiri na biyu a fannin injiniyancin motocin tsere, duk Bahaushen da ke unguwar Catford a Landan ya yanke cewa Allah ya kawo masa bakanike kyauta. Ana idar da sallar Juma'a za a tare ni a ƙofar masallaci: wannan motarsa tana tari da safe, wancan birkinsa yana kuka. In na ce ba shi na karanta ba, sai a yi mini kallon ɗan da ya ƙi aike. Gwaggona kuwa, wadda nake zaune a flat ɗinta, cewa take yi ni direban tsere ne, alhali kullum a bas take ganina.

Aiki a wannan fanni kamar nama ne a miyar gidan biki, hannuwa sun fi shi yawa. Na nema har na fara jin kunyar gaida mutane. Daga ƙarshe wani kamfani mai gwada ƙarfin motocin tsere ya ɗauke ni. Aikin shi ne a kawo hancin mota sabo, a maka shi da bango a guje, mu auna yadda ya ragargaje. Na ji daɗi ƙwarai, don tun ina yaro ɓarna ce gwanintata.

Saura Baba. A watan ya zo Landan duba idonsa, ya sauka wurinmu. Yana da garejin tireloli a Kano, kuma ya daɗe yana jiran in koma in riƙe masa. Mutum ne da in ka rufe ƙofar motarsa da ƙarfi sai ka sha wa'azi har gida. In bai ce to ba, ba zan karɓi aikin ba, kuma tsoron hakan ya hana ni sakat.

Na shirya kalamai masu taushi, irin su kiyaye lafiyar direba. Gwaggo ta riga ni, muna tsakiyar cin tuwo.

"Yaya, ka ji an yi wa ɗanka offer na aiki? Fasa motoci zai riƙa yi."

Baba ya tsame hannunsa daga kwano ya dube ni.

"Sababbi?"

"Sababbi fil, Baba."

"Da gangan?"

"Da gangan."

"A garejina direban da ya fasa madubi sallamarsa nake yi. Ashe abin har digiri biyu ake yi masa."

Gwaggo ta yi dariya har da ƙwarewa. Ni kuwa da na ga baki ba zai fisshe ni ba, sai na ciro waya na nuna masa bidiyon gwajin. Motar ta taho da mutum-mutumi ɗaure a kujerar direba, ta daki bango, hancin ya murƙushe kamar ƙuli-ƙuli a turmi. Baba ya matso da wayar kusa da idonsa mai lafiya, ya ce in sake.

"In mutum ne a ciki fa?"

"Da ƙafarsa zai fito. Don haka ake ƙera hancin ya ragargaje. Shi ke shanye dukan, maimakon direba."

Baba ya ƙura wa wayar ido. Gwaggo kuwa ta daina dariya, kuma a nan na gane inda hankalinsu ya tafi. Suna da ƙane da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya tun ba a haife ni ba. Ba a maganarsa a gidanmu, hotonsa kawai na sani.

"Ni na zaɓa masa motar," in ji Baba. "Saboda ƙarfin jikinta na zaɓa. Har yau tana tafiya. Fitila ɗaya aka canza mata."

Tausayinsa ya kama ni. Ya miƙo mini wayar, ya jawo kwanonsa.

"Ka karɓi aikin," ya ce. "Ka fasa su da kyau."