Jatau da Takardar Gidan Bakin Kwalta

Jatau ba shi da haƙuri, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye hakan ba. In aka ce masa ya dakata, sai ya ce ba zai iya ba, ya kama hanya. A tsaye yake shan fura. Maza sun ce in liman ya ja doguwar sura, daga cikin sahu ake jin Jatau yana gyaran murya. Ɗan ƙanena ne, ina wurin aka haife shi, kuma bakwaini ne. Ko cikin uwarsa bai tsaya ya cika wata tara ba.

Sana'arsa amalanken jaki, a nan Maijirgi. Yana ɗaukar tubali da taki da ruwa, da kaka kuma buhunan wake zuwa bakin kwalta inda manyan motoci ke lodi. Yana da jakai biyu da 'yar gona gabas da gari. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara uku ya gudu, ya ce zaman aji na sa masa ciwon baya.

Da ubansa ya rasu, su tara suka raba gida ɗaya, ɗaki guda ya faɗo masa. Bayan ya auri Sa'a sun fara tara 'ya'ya, sai ya karɓi aron gidan wani da ya tafi Libiya. Shekara shida suna ciki. Ya yaɓe katanga, ya haƙa masai, ya dasa bishiyar bedi a tsakar gida. Ana tsakiyar damina mai gida ya dawo, ya ba su kwana uku. Na ga kayansu a kan amalanke, ruwa na dukan katifa, Sa'a na biye da tsohon ciki. Wajena suka sauka, suka yi wata biyu. A wata biyun nan ban ga Jatau zaune ba sai a salla. Yana kai yana komowa tsakanin rumbu da ƙofa, har kajina suka daina kwanciya a wurin.

Alhaji Iliyasu ne ya fitar da shi. Dattijo ne mai sayen wake da gujiya, aminin uban Jatau tun suna samari. Yana da wani gidan laka a bakin kwalta, ɗaki uku, ɗaya da rufin kwano, ba kowa ciki. Ya sayar wa Jatau a kan sefa miliyan ɗaya da jika ɗari biyu, wato dubu ɗari biyu, a biya cikin kaka takwas, jika ɗari da hamsin kowace kaka, ba ƙarin ko dala. Su shiga tun yau. Amma takardar gidan, mai hatimin mai gari, za ta zauna a akwatin Alhaji sai ran da kuɗi suka cika.

Ni Tanna na yi kolej a Tasawa, don haka takardun unguwa hannuna suke biyowa. Na sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, na rubuta sharaɗin a shafin farko. Duk kaka, in an gama bugun wake, sai a zauna a zauren Alhaji: shi, da Jatau, da liman, da Yahaya mai awo a matsayin shaidu, ni kuma daga ƙofar ciki da kayena. A ƙirga, in rubuta, a yi fatiha, a tashi.

Da a wannan kaɗai Jatau ya tsaya, da babu abin da zan rubuta a kansa. Amma tun ranar da suka tare, kaka takwas ta tsaya masa a wuya. Ya bar goro, ya bar shayi. Ya huda gwangwanin tumatir ya mai da shi asusu, sai dai bai taɓa barin gwangwanin ya cika ba. Da ya ji ya yi nauyi sai ya fasa, ya nufi Alhaji. Jika biyu, jika biyar, wata rana jika ɗaya da rabi. Duk inda ya same shi nan yake miƙa masa: a ƙofar masallaci, a bakin ma'auni, a kan hanya.

"Jatau, gidan gudu zai yi ne?" in ji Alhaji.

"Baba, ni dai ka riƙe."

"To, na riƙe." Sai ya zura a aljihu.

Alhaji bai iya boko ba, amma kansa ya fi kayena. In kaka ta zo muka zauna, shi da bakinsa zai ce, "Tanna, rubuta ƙarin jika arba'in, yaron nan ya hana ni sakat bana." Kakar farko arba'in ce, ta biyu saba'in, ta uku tis'in, ta huɗu ɗari cif. Bai taɓa rage masa ko dala ba.

Duk da haka na kira Jatau na yi masa magana.

"Tsakanin ƙofata da ta Alhaji taku nawa ne? In za ka kai masa, biyo ta nan mu je tare, in rubuta a gabansa."

"Gwaggo, in ce wa abokin ubana sai da shaida zan ba shi kuɗi? Da wane ido?"

"Da idon da za ka yi kuka da shi."

"Kuma ke kafin ki nemo takalminki, ki nemo tabarau, ai an yi la'asar."

Wannan gaskiya ne, ina da nawa. Amma ba nawata ce ta hana shi ba. Kunya ce da gaggawa suka haɗu wa mutum ɗaya.

Sa'a ce ta fi shan wahalar wannan gudu. Mace ce mai sanyin jiki da kaifin baki, tana yin ƙuli-ƙuli, tana zubin adashe. In ta kwashi adashe, kafin ta gama ƙirgawa Jatau na tsaye a kanta.

"Malam, kuɗi cizonka suke yi ne?"

"Ba namu ba ne, na Alhaji ne."

"Alhaji ya ce kaka. Ka ga ana yankan hatsi?"

Ta ba shi dai. Ita ma ba ta manta katifar nan da ruwa ya daka ba.

A shekara ta uku Yahaya mai awo ya rasu, shaida ya koma ɗaya. A ta huɗu Alhaji ya fara wani tari da ba ya saki. Jatau ya shiga ƙirga tarin kamar shi ne likitansa. In ya dawo daga gaishe shi sai ya tsaya a ƙofata ya ce, "Gwaggo, yau sau biyar ya yi kafin in tashi." Bayan kaka ta huɗu kayena ya nuna saura jika ɗari uku. Jatau ya rantse a ta biyar zai gama. Ya ce zai kai rabi kafin kaka, rabi ranar zama.

A shekarar nan ya yi aikin da ban taɓa ganin mutum ya yi ba. Ya ɗauki kwangilar tubalin wani ginin makaranta, yana sawu goma sha biyu a yini, jakan na canji, shi ba ya canji. Ya kai taki gonakin mutane har kusa da iyakar Tasawa. Ragon da Sa'a ta turke tana ba shi harawa tun kaka, ya ja shi kasuwa gabanin Layya ya sayar jika sittin, daga kasuwa ya zarce gidan Alhaji bai ko biyo gida ba. A ƙirgarsa, zuwa tsakiyar damina ya miƙa jika ɗari da arba'in.

Ƙarshen watan Agusta Alhaji Iliyasu ya rasu, hatsi na cikin fitar da kai.

A ƙofar gida, kafin a ɗauki gawa, liman ya yi sanarwar da aka saba: duk wanda ke bin mamaci bashi, ko mamaci ke binsa, ya samu magada ya faɗa. Mutane kan bari a yi kwana uku. Jatau ya miƙe nan take ya ce, "Yana bina jika ɗari da sittin." Aka ja masa riga ya zauna.

Babban ɗan Alhaji, Mas'udu, ɗan kasuwa ne a Maradi, kayan babur yake sayarwa. Bayan sadakar bakwai ya zo gidana, ya sa aka kira Jatau, ya nemi ganin kaye. Ya bi shafukan da yatsa.

"Inna, nan ɗari uku na gani."

"Ɗari uku na rubuta."

"Shi kuma ya ce ɗari da sittin."

"Haka ya ce."

"Kin ga lokacin da ya ba Baba sauran?"

"Ban gani ba."

Jatau ya dube ni kamar na mare shi. Na yarda da shi har zuciyata, amma ban gani ba, kuma ba zan fara shaidar zur da furfura ba.

Mas'udu ya rufe kaye. "Bon, to, wannan ma littafin 'yan lakwal ne, Baba bai sa hannu ko'ina ba. Akwai mutum a Tasawa da ke son wurin ya yi shaguna, ya taya miliyan biyu. Mu magada goma sha ɗaya ne. A maida maka ɗari tara ɗinka ka nemi wani wuri."

Ba zan ce Mas'udu ɓarawo ba ne. Ya bincika akwatin ubansa da aljihunan rigunansa, bai samu komai da sunan Jatau ba. Alhaji duk abin da ya shigo hannunsa cikin ciniki yake zubawa.

Magana ta kai gaban mai gari. Liman ya ba da shaidar farashi da kaka takwas, aka karanta shafin farko na kayena, mai gari ya ce ciniki na nan, ba mai tashin Jatau. Saura ɗari da arba'in ɗin da ba wanda ya gani. Liman ya ce ya ji ƙishin-ƙishin uwargidan Alhaji ta san da wani abu, amma tana takaba, kuma ba a jawo mai takaba cikin gardama, balle a kan ɗanta. A jira ta cika wata huɗu da kwana goma. Mas'udu ya ce ya yarda, amma shi bayan sadakar arba'in zai koma Maradi, kuma akwatin ubansa tare da shi zai tafi har ranar rabon gado.

"Wata huɗu?" in ji Jatau. "Takarda na Maradi, ni ina nan?"

"Ba mai cinye takarda," in ji mai gari. "Zauna."

Bai zauna ba. Ya ce a ba shi zuwa ranar arba'in, zai kawo ɗari uku kamar yadda kaye ya ce.

Na bi shi har gida na ce masa wauta ce. Sa'a ta ce masa wauta ce. Ya ce ya ji, kuma zai yi. Kwanaki talatin ɗin nan bai yi magana da kowa a tsanake ba. Ya roro wake tun bai gama bushewa ba, ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, lokacin da 'yan kasuwa ke faɗin farashin da suka ga dama. Cikin dami tamanin na hatsi ya sa aka sussuke sittin aka kai ma'auni. Sa'a ta roƙi uwar adashe ta ba ta kwasar wata. Da aka ƙirga bai kai ba, ya kwance babban jakin ya ja shi kasuwa. Wannan karon da ya zo ƙofata ya tsaya, har da nemo min takalmi.

Ran arba'in, a gaban mai gari da liman da mutum sun fi ashirin, aka ƙirga jika ɗari uku. Mas'udu ya buɗe akwati ya miƙo takarda. Jatau ya ce in karanta da ƙarfi. Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya ninke ta ya zura cikin riga, ya fita kafin a shafa fatiha.

Kaka biyar ya biya maimakon takwas. Ga abin da ya biyo baya. Rumbunsu ya ƙare tun kafin bazara, suka koma awo a kasuwa, tiyar da ya sayar da arha ya saye ta ninki uku. Da jaki ɗaya sawunsa ya ragu rabi. Yara suka sha kunu tsarara har sabon hatsi ya iso. Sa'a kan ce masa, in ya tambayi tuwo, "Ɗauko takardar in dama maka."

Da uwargidan Alhaji ta fita takaba, ta ce lalle ta tuna kuɗin rago, Alhaji ya ambata mata jika sittin. Mas'udu bai yi gardama ba, ya aiko da su ta hannun wani direba. Sauran tamanin ɗin, na ƙofar masallaci da na kan hanya, ba wanda ya san da su sai Jatau da wanda ke kabari. Na ce masa da ya jira, da jakinsa na nan. Ya ce, "Gwaggo, da na jira da kun binne ni."

Na ɗauka da takarda ta shigo hannunsa zai lafa. Bai lafa ba. Abin da ya koma damunsa shi ne ranar da za a yi tasa sanarwar a ƙofar gida, wani ya miƙe ya ce yana binsa kaza, ba shi da bakin musu, a zo a ce sai an taɓa gidan. Ya je ya roƙi liman ya yi masa sanarwar tun yanzu. Liman ya ce shi bai taɓa yi wa mai rai ba, kuma ba zai fara da shi ba.

Sai ranar kasuwa, da hantsi, ina rumfar masu kayan miya, na hango shi ya tsai da amalanke a tsakiyar hanya ya hau kai. Masu kabu-kabu suka fara yi masa ihu ya kauce. Wani ya ce, "Jatau, takarar meri ka tsaya, za ka shugabanci gari?" Bai kula su ba.

"Jama'a, ku saurara! Ni ne Jatau mai amalanke, ga ni da raina. Duk wanda ke bina ko dala ce, kada ya jira ranar da aka shimfiɗe ni. Ya zo gidana yau ko gobe, ya taho da mutum biyu su gani, in biya shi a gabansu. Don Allah kada wanda ya bari sai jibi."