Matar da Mutuwa Ta Ƙi

Shekarar da jam'iyyu suka cika Maraɗi da tutoci, malamai kuma suka shiga yajin aiki aka rufe lakwal, babanmu ya kai mu Jiratawa wurin mahaifiyarsa, Iya Tasalla. Ina da shekara tara. Bayan isha'i takan hura wutar kara a bakin ɗakinta, yaran unguwa su kewaye ta, tana gasa mana dankali a toka tana ba mu tatsuniya. Mai gidanta take kirana, wurina kuwa jikin gwiwarta.

Akwai wadda ba ta cika bayarwa ba. Wata mata ce ta je bakin gulbi ta roƙi aljani ya raba ta da mutuwa. Ya yarda, da sharaɗin duk shekara ta tsotsi jinin mutum ɗaya. Ta ɗauka na baƙi za ta sha, ashe sai na wanda take so ke kwanta mata. Ta cinye miji, ta cinye ƴaƴa. Ƙarshe ta tare a maƙabarta tana roƙon masu gina kabari su gina mata nata, suna gudunta.

Na tambayi Iya ko matar muguwa ce. Ta daɗe tana tona wuta.

"Mai gida, matar da ta rufe ɗiyanta bakwai, kamar ni, ko ba ta sha jinin kowa ba sai an ce ta sha."

Da bazara sanƙarau ya shigo. Ya ɗauki uku cikin yaran da ke zama wurinta, har da ƙanwata Rabi. Aka fara raɗa a rijiya cewa tsohuwa mayya ce, iyaye suka janye ƴaƴansu. Ranar da innarmu ta zo mayar da ni gida, Iya ta miƙo mini dankali, na ɓoye hannuna a baya. Ta rasu a Tsibiri wurin ƙanwarta, ban sake ganinta ba.

Kwanan nan ɗiyata ta ba ni littafi na uku na wani labarin mashaya jini da take bi. Kyawawa ne, ba sa tsufa, yarinyar labarin har kuka take a cije ta ta dawwama. Rubutun na da daɗi, amma daga farko har ƙarshe ba wanda ya yi kewar mamaci. Na ce wa ɗiyata marubucin bai taɓa zama da wanda nasa suka ƙare ba. Ta ce, "To, kai fa?" Na ce na zauna da Iya, kuma na tashi na bar ta.