Azumin Uwar Tukunya

A kicin ɗin masana'antar sabulu, Uwar Tukunya ake ce mata. Tun tana amarya take dafa wa ma'aikata abincin rana. Aikin na tsaye ne, kuma da jiki ya yi nauyi sai gwiwoyi suka fara kuka, har aka ajiye mata kujera a gefen murhu. Likita ya ce ko ta rage ƙiba, ko ta nemi aikin zama. Ita kuwa ba ta san wani aiki ba.

'Yarta ce ta kawo dabarar: a ware wasu awoyi na ci, sauran a bar ciki ya huta, sai ruwa. Ta tsara mata: babu karin kumallo, sai rana ta take, sannan abincin dare tare da maigida.

Ta riƙe da gaske, ko shayi ba ta sha da safe. Watanni suka wuce, sikeli bai motsa ba.

"Inna, kin tabbata ba kya ci?" in ji 'yar.

"Yo ni yarinya ce? Ko loma."

Mai wanke-wanke, tsohuwar ƙawarta, ta yi dariya har da dafa bango. "Ke 'yar nan, zo da safe ki ga azumin uwarki."

Ta zo ta tsaya. Ludayi ya shiga miya, a ji gishiri. Ya koma, a ji ko ya daidaita. Tsokar nama, a ji ko ta nuna. Tukwanen kuma manya ne, ba ɗaya ba.

"Wannan ai aiki ne," in ji Uwar Tukunya. "So kike in ba mutane abin da ban ɗanɗana ba?"

Aka ce ta bar wa ƙawarta ɗanɗanon. Ranar kwanuka suka dawo da saura. Ba ta sake ba.

Sai ta juya awoyin da kanta. Cinta ya koma safe, a bakin tukunya, zuwa la'asar. Na dare ta bari.

Maigida bai ji daɗi ba. "To ni da wa zan ci, da rediyo?"

Ta ce za ta zauna. Takan zauna kusa da shi da kofin ruwan zafi.

Nauyin ya sauka a hankali, ba kamar yadda 'yar ta so ba. Gwiwar hagu har yanzu takan yi magana. Amma kujerar nan ta gefen murhu, buhun albasa ne a kai.

Maigida yakan turo mata kwano ya ce, "Ji min gishirin nan."

Sai ta harare shi, ta kurɓi ruwanta.