Makullin da na hana Umaru

Bana shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar Umaru mai gyaran rediyo na kasuwar Jega, kuma har yau in na tuna shi, haushi ke riga kewa zuwa. Aminina ne tun muna firamare. Ni na wuce na zama malamin makaranta, shi ya tsaya a aji huɗu ya kama sukudireba. Allah ya jiƙansa. Haushin kuwa kaina nake ji wa, kuma na gaji da riƙe dalilin ni kaɗai.

Ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Kebbi ba, wani attajirin albasa a Aliero ya kafa babban farantin nan mai kamo tashoshin waje. Abu ya ƙi kamawa, aka aika wa Umaru. Ranar babu makaranta, sai na ɗare bayan babur ɗinsa. Ya yi ta juya farantin cikin rana har hoto ya fito wajen la'asar, muka faɗa kan labaran Turawa. Ana nuna wasu mutane cikin fararen kaya masu kumburi suna shawagi a bakin kumbo. Umaru ba ya jin Turanci, ni nake fassara masa. Tauraron sadarwa ne aka harba, irin mai ɗaukar waya da talabijin, ya maƙale bai kai inda aka nufa ba, shi ne aka tura 'yan sama jannati su gyaro shi. Ƙarfen da suka tafi da shi don cafke shi ya ƙi aiki. Ƙarshe dai mutum uku suka fito suka riƙe shi da hannu, suka ɗaura masa sabon inji, suka sake shi ya tafi.

Umaru ya tsuguna gaban talabijin yana kallo har aka gama. Can ya ce, "Mallam, ashe su ma abin nasu shina lalacewa. Kuma sunka bi shi har can." Tun daga Aliero har muka shiga Jega ba shi da wani zance sai wannan.

A ƙauyen da nake koyarwa, kan hanyar Maiyama, muna da gidan kallo. Ɗaki ɗaya ne da talabijin da ɗan janareta, aka kawo mana da biki da jawabai. Ya yi wata biyar yana aiki, sai hoto ya ɗauke, murya kawai ake ji. Ni ne sakataren kwamiti, makulli yana hannuna. Wanda ya zauna ƙauye ya san yadda muke da kayan gwamnati: ba a taɓawa. Takarda ake rubutawa, a zauna jiran injiniya daga birni. Duk wanda ya yi karambanin kwance bayan abin, to duk ɓarnar da ta biyo baya tana wuyansa har abada. Na riga na rubuta takarda uku.

Kwana biyu da dawowarmu sai ga Umaru da jakar kayan aikinsa. Ya ce, "Buɗe mani in duba. Tunda akwai murya babu hoto, wanga abu ba shi da yawa." Na ce masa ba shi da takardar shaidar aiki, kuma ba a ba ni izini ba. Ya ce, "Mi kaka tsoro?" Na ce aikina. Gaskiya na faɗa. Lokacin ana ta kwaso fayilolinmu daga Sakkwato zuwa sabuwar jiha, kowa na lallaɓa nasa, ba mai son takardar tuhuma ta shiga ciki. Ya yi dariya ya ce mutane sun hau sama sun gyara nasu, mu namu yana bayan ƙofar langa-langa mun kasa.

Ya dawo ya fi sau biyar cikin shekara biyu. Ni kuma kullum amsata guda, a ƙara haƙuri, na sake rubutawa. Abin da ke ƙona min rai shi ne, ƙauyen nan kaf babu gidan da Umaru bai tayar wa rediyo ba. Sun san hannunsa sarai. Amma da maganar ta je gaban dattawa, cewa suka yi a bari masu abin su zo, ni kuma na ji daɗi don sun sauke min nauyi. Daga baya ya daina zancen. Ya daina tsokanata da malam mai alli a aljihu, gaisuwarmu ta koma irin ta mutunci, wadda ake yi wa surukai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Manomin albasa na tsaye a gonarsa yana jin farashin Legas ta wayar aljihunsa. Samari sun cika kasuwa suna kwance wayoyi ba tare da kowa ya nemi takardarsu ba, wannan kam da ya yi murna. Amma da na zaga da shi ƙauyukanmu ya ga famfunan sola da suka mutu saboda waya ɗaya ta tsinke, an kewaye su an datse da kwaɗo, mata na wucewa ta gefensu da bokiti zuwa rijiya, da bai tambayi kowa ba. Ya san akwai wani irina a garin, da makulli a aljihu, yana jira.

Injiniya dai bai zo ba. A shekara ta huɗu na ji Umaru ya kwanta, ciwo ya ci ƙarfinsa. Wata safiya na ɗauki makullin na tafi Jega, na tarar da shi a zaure an jingina shi da bango, ko kofin kunu sai an riƙe masa. Na miƙa masa na ce in ya samu sauƙi ya zo ya duba, kome zai faru ya faru. Ya kalli makullin, ya kalle ni, ya yi murmushin da rabona da shi shekara biyu. Ya ce, "Aje abinka, Mallam. Ai kai ka iya tsaronshi." Bai kai kaka ba.

Rumfarsa yanzu katin waya ake sayarwa a cikinta. Rediyoyin da ya gyara sun daɗe da mutuwa. Abin da ya rage nasa shi ne masu gyara biyu a kasuwar nan da suka koya a wurinsa, yau su ma sun yi furfura, kuma duk abin da ka ajiye gabansu sai sun buɗe shi kafin su ce ya fi ƙarfinsu. Wannan ba ƙaramin gado ba ne. Ni kuwa na yi ritaya da fayil fes, babu tabo ko ɗaya. Kuma tun daga ranar da hoton nan ya ɗauke har na ajiye aiki, ba a taɓa turo ko masinja ya tambaye ni ko talabijin ɗin yana nan ba.